Sayayya a Injamena: Tambayoyin da Baƙina Suka Fi Yi Mini

Ni haifaffen Garwa ne a ƙasar Kamaru, neman abinci ya kawo ni Injamena, babban birnin Cadi, kuma da wuya wata ya mutu ban tarbi wani daga gida ba. Wani ya zo biki, wani zai hau jirgi, wani ya zo ganin hanyar kasuwanci, wata kuma kayan ɗakin ɗiyarta take haɗawa. Kafin baƙo ya gama shan ruwan maraba zai ce, "To, gobe sai ka raka ni kasuwa." Tambayoyin da ake yi mini a hanyar kasuwar kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda saboda 'yan'uwa na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri, da ma masu zuwa daga Najeriya da Nijar.

Yau na sauka. Da wace kasuwa zan fara?

Fara da Babbar Kasuwa. A allo za ka ga an rubuta Grand Marché ko Marché Central, mai moto kuwa ko "Suk Kabir" ka ce masa ya gane. Tana tsakiyar gari, dab da babban masallacin Sarki Faisal wanda Saudiyya ta gina a shekarun 1970, don haka ko ka ɓace, ɗaga kai ka nemi hasumiya, ita za ta mai da kai hanya. A nan ne ake samun yadi, lafaya, jallabiya, rawani, turare, darduma, kayan shayi, takalma, agogo, da rumfunan maƙeran zinariya da azurfa.

Shawarata kullum ita ce ranar farko ka bar yawancin kuɗinka a masauki. Zagaya, taɓa kaya, tambayi farashi a rumfa uku ko huɗu, ka sha shayi, ka yi azahar a masallaci, ka koma. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma mai rumfa yana gane sabon zuwa tun daga yadda yake ɗaga ƙafa. Rana ta biyu idonka ya waye.

Me ya kamata in saya a nan, me kuma bai kamata ba?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita.

Cadi ba ta da bakin teku. Yawancin kayan da ke zuwa ta jirgin ruwa a Duwala ake sauke su, jirgin ƙasa ya kawo wasu har Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci su ɗauka su bi ta Garwa, Marwa, Mora, Waza, har Kusiri, sannan su haye gadar Ngeli a kan kogin Logon. Kai da ka fito daga Garwa, motar da ta ɗauko kwalin sabulu ko katon ɗin madara ta ƙofar gidanku ta wuce. Kowane kilomita da ta ƙara, kowane shinge da ta tsaya, da kuɗin duwan (kwastan) na shiga wata ƙasa, duk suna cikin farashin da za a faɗa maka a nan. Kayan Najeriya ma haka, masu shigowa ta Gamboru da Fotokol sai sun ratsa ƙasar Kamaru kafin su iso. Abin da zai tabbatar maka shi ne mutanen Injamena da kansu suke hayewa Kusiri sayayya. Je ka tsaya bakin gada da yamma ka ga mata suna dawowa da kaya niƙi-niƙi.

Saboda haka in ka zo nan ka sayi bokitin roba, atamfar da ake sayarwa a kasuwar Marwa, taliya ko man gyaran fata na kwalba, ka yi wa kanka asara biyu: ka saya da tsada, ka kuma biya kuɗin mota ka mai da kaya inda suka fito.

Abin da za ka nema shi ne wanda ya gangaro daga arewa da gabas, ko wanda ƙasar nan take haifarwa. Dabinon Faya. Kanwa daga Kanem da yankin Tafkin Cadi. Ƙaro, wanda Cadi tana cikin manyan masu fitar da shi a duniya bayan Sudan. Albasa, tafarnuwa, busasshen tumatir da busasshiyar kuɓewa daga Wadai. Kayan fata na Abeshe. Riɗi, zoɓo, busasshen nama, busasshen kifi. Sai lafaya da kayan ƙamshi irin na Sudan, da kayan da 'yan kasuwar nan suke ɗaukowa daga Dubai, Masar da Libiya. Waɗannan su ne idan ka kai gida za a ce lalle ka je Injamena.

An ce lissafin kuɗinsu daban ne, alhali sefa ɗaya muke kashewa. Yaya abin yake?

Gaskiya ne, kuma nan ne baƙo ya fi rikicewa. Takardar kuɗin ɗaya ce da ta Kamaru, BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ne ke buga mana duka. Amma a bakin kasuwa da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne. Wanda ya saba da dalar kasuwa mai sefa 5 ba zai sha wuya ba, don ita ce dai aka sake wa suna. Duk adadin da aka faɗa maka da Larabci, ninka shi sau 5.

In an ce "hamsa", sefa 25 ke nan. "Ashara" 50. "Ishirin" 100. "Hamsin" 250. "Miya" 500. "Miten" 1,000, wato jaka guda. "Alif" kuwa 5,000. Kunnen Bahaushe ya riga ya san kalmomin, tunda ashirin, talatin, hamsin, metan da alif duk muna da su a bakinmu. Ninkawar ce kawai take so a saba.

Na ga yadda abin yake faruwa da idona. Wani kawuna ya tsaya gaban wata mai sayar da busasshiyar kuɓewa, ya nuna kashi ɗaya, ta ce "miya". Ya san miya ɗari ce a Larabci, sai ya ciro ƙwandalar sefa 100 ya miƙa. Ta kalli kuɗin a tafin hannunta, ta kalle shi, ta mayar masa ba tare da faɗa ba, ta buɗe yatsu biyar ta nuna masa. Shi ya ɗauka ta canza magana ne don ta ga baƙo, har ransa ya fara ɓaci. Ba ta canza komai ba, farashinta na gaskiya ta faɗa tun farko. Sai da na yi masa bayani ya ba ta haƙuri, ita kuma ta ƙara masa gyara.

Da Faransanci kuwa ba a ninkawa, yadda aka faɗa haka yake. Idan ka yi shakka, ciro wayarka ka rubuta lambar ka nuna wa mai kaya. Babu kunya a ciki, manyan 'yan kasuwa ma haka suke yi.

Daga Nijar nake, sefata za ta yi? Ni kuma naira ce a hannuna.

Sefar Nijar ta bankin BCEAO ce, ta Afirka ta Yamma. Darajarsu ɗaya da tamu a takarda, dukansu sefa 655.957 ne a kan yuro ɗaya, amma mai rumfa ba zai karɓa ba, sai ka canza, kuma mai canji zai cire nasa. Naira ma sai an canza. Ana samun 'yan canji a kewayen Babbar Kasuwa da Kusiri. Tafi da ɗan gari, ƙirga kuɗinka a gabansa kafin ka ɗaga ƙafa.

Kuɗin waya na nan Airtel Money ne da Moov Money. Kada ka dogara da layinka na MTN ko Orange, a rumfar kasuwa tsabar kuɗi ce sarauniya. Akwai na'urorin cire kuɗi a bankuna irin su Ecobank da UBA, sai dai kada ka jira sai aljihu ya ƙare sannan ka nufe su. Sannan ka tanadi canji. Takardar jaka goma a gaban mai sayar da tumatir fitina ce, za ta bar ka tsaye a rana tana yawon neman canji rumfa-rumfa.

Ba na jin Larabci, Faransancina ma kaɗan ne. Hausa za ta fisshe ni?

Za ta kai ka nesa fiye da yadda kake zato, amma ba ko'ina ba. Hausawa sun daɗe a garin nan. Tun ana kiransa Fort-Lamy, wanda tsofaffinmu suke cewa Fallomi, kafin a sake masa suna a 1973, nan ne zangon mahajjatan ƙasa masu bi ta Abeshe su shiga Sudan. Da yawa guzuri ya ƙare musu, suka zauna neman na gaba, zama ya zama gida. Jikokinsu suna cikin kasuwa har yau, musamman wajen masu yadi, teloli, mahauta da masu kilishi. Mai jin Fillanci ko Barbarci shi ma zai sami abokin magana.

Harshen kasuwa dai Larabcin Cadi ne. Riƙe waɗannan kaɗan: "be kam" wato nawa ne, "gurus" kuɗi, "katir" da yawa, "shiya" kaɗan, "mafi" babu, "shukran" na gode. Ka fara da sallama cikakkiya, ka tambayi lafiya, kada ka faɗa wa mutum da "nawa ne" kai tsaye. Mutanen nan suna ba gaisuwa haƙƙinta, kamar mu.

Ina ake sayen hatsi da kayan miya?

Kasuwar Gero, Marché à Mil, wadda 'yan gari suke kira Suk Galla. Sunan na hatsi ne, amma ta wuce hatsi nesa ba kusa ba, kusan babu abin da ba a sayarwa a cikinta da kewayenta. Ni na fi son ta da Babbar Kasuwa, domin a nan ne za ka ga Cadi kanta ta zo birni a cikin buhuna: gero, jar dawa, farar masakwa ta Salamat da suke kira berbere, shinkafar Bongor da Lai, gyaɗa, riɗi, wake, barkono, tsamiya, kanwa fara da ja.

Ma'auninsu "koro" ne, kwano irin tiyarmu. Na gero yakan kai kilo 2 da rabi, ana lissafa koro 40 a buhu mai kilo 100. Sai dai koro ma suna suka tara. Wani kwanon an bubbuga gindinsa ya shige ciki, wata mai awo kuma takan tara hatsin ya yi tozo har ta tare da hannu, wata ta share bakin. Kafin ka yi ciniki ka ce a auna maka ɗaya ka gani. In buhu za ka saya, a soka a ciro daga ƙasa da tsakiya, kada ka yarda da na baki kaɗai.

Akwai wani abu da baƙi suke wucewa ba su san shi ba. Za ka ga wasu busassun faya-fayai kore shar mai duhu, kamar busasshen laka. Sunansa "dihe". Matan Kanembu ne suke kwasarsa daga tafkunan kanwa na Kanem da yankin Tafki, su shanya a kan rairayi ya bushe, a yi miya da shi. Shi ne abin da ake sayarwa da tsada a ƙasashen Turai da sunan spirulina. In za ka gwada, nemi wanda aka tace aka shanya a tsabta, don na gargajiya yakan zo da yashi.

Dabino fa? Shi aka fi yi mini saƙo.

Dabinon nan yawancinsa daga Borku yake zuwa, Faya da kewayenta, tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin hamada. Wanda ya fi yawa a kasuwa busasshe ne mai tauri, kuma shi ne ya dace da matafiyi, don yana jure zafi da doguwar hanya. Ana girbinsa a watannin da mu muke cikin damina, saboda haka sabo yakan cika kasuwa daga ƙarshen damina zuwa kaka. Gab da azumi farashi yakan tashi, kowa ya sani.

Ga yadda wani dattijo mai sayar da shi ya koya mini. Ɗebi biyar daga wurare daban-daban na buhun, ka fasa kowanne biyu. Dubi gefen ƙwallon. In ka ga gari-gari kamar dusa, ƙwaro ya riga ka. Girgiza tafin hannunka, mai kyau yana ƙara kamar tsakuwa, kuma ya fi nauyi. Sannan ka ɗanɗana. Babu mai dabinon kirki da zai hana ka ɗanɗano, shi da kansa zai cika maka hannu. In ka kai gida kada ka ƙulle shi a leda, a bar shi cikin buhu mai shan iska.

Ni mace ce, kayan lefe da na ɗaki nake haɗawa. Ina zan nufa?

Hajiya, kin zo gidan abin. Lafaya a Babbar Kasuwa take, layi-layi, tun daga mai sauƙin kuɗi ta yawon gida har wadda ake ajiyewa don ranar biki. Ki sa a warware miki ita gaba ɗaya, ki fito da ita bakin rumfa ki duba a hasken rana, domin fitilar ciki tana ƙara wa launi kyau. Ki auna tsawon a jikinki. Mai tsayi in ta sayi gajeriya ba ta da yadda za ta yi da ita. Ki tambaya ko tana zuba, ki kuma goga gefenta da ɗan jiƙaƙƙen farin ƙyalle in mai rumfa ya yarda.

Kayan ƙamshi kuwa sai ki ba su yini guda. Turaren wuta, humra, sandal, farce, miski, itacen hayaƙi na gyaran jikin amarya da suke kira duhan, duk akwai. Abin da zan gaya miki, kuma daga bakin matan gidana na ji, shi ne mafi kyawun humra a gidaje ake haɗa ta. Kowace unguwa tana da matar da aka sani da hannu mai kyau. Ki sa uwar masaukinki ta kai ki. In a kasuwa za ki saya, a sa miki turaren a kan garwashi ki ji yadda yake ƙarewa, don wani farkonsa daɗi, ƙarshensa ƙaurin sukari. Humra kuma ki shafa a hannu, ki tafi wata sayayyar, bayan awa ɗaya ki sake shinshinawa.

Sai shebe, garin gashin nan da ya yi suna har ƙasashen waje. Ƙwayar wani itace ce ake soyawa a daka, a haɗa da kanumfari da mahalab. Tunda ya sami kasuwa, masu algus sun shigo. Mafi aminci ki sayi ƙwayar ki sa a soya a niƙa a gabanki.

Zinariya kuwa, a auna a gabanki, a rubuta miki nauyi da karat a takarda mai hatimin rumfa. Kada ki saya a hannun mai yawo komai arahar da ya yi miki.

Kasuwar Dembe da ake ta faɗa fa?

Tana ɓangaren kudu maso gabashin gari, kusa da inda motocin Bongor, Mundu da Sar suke lodi. Saboda haka kayan kudu nan suke fara sauka: doya, rogo, dankali, mangwaro a lokacinsa, ganyaye, man kaɗanya, zuma. Akwai gwanjo da kayan gida. Cunkoso ne sosai, a damina kuma sai da takalmin da ba ka jin tausayinsa. Wanda zai yi kwana biyu kacal ba lalle ne ya je ba. Wanda zai zauna wata guda yana girki da kansa, ita ce kasuwarsa.

Babu manyan kantuna masu sanyi da farashi a rubuce?

Akwai, yawancinsu a kan titin Charles de Gaulle da kewayensa, tare da gidajen burodi, farmasi, bankuna da ofisoshin jiragen sama. Ba a taya kaya a can. Suna da amfani in kana neman abin jarirai, abincin mai ciwon sukari, ko wani abu da kake son ganin ranar lalacewarsa a rubuce. Don tsaraba kuwa, kuɗinka zai fi yin auki a kasuwa.

Nama da kifi?

Nan kam Injamena ta yi zarra. Ƙidayar dabbobi ta 2015 ta sami sama da kai miliyan 90 na shanu, tumaki, awaki, raƙuma da sauransu a ƙasar, kuma da yawa daga shanun da ake yankawa a Najeriya da Kamaru daga nan suke tasowa. Babbar mayanka tana Farsha. Kada ka bar garin ba ka ci gasasshen naman raƙumi da shayi ba.

Na tafiya gida kuwa iri biyu ne. Akwai kilishi wanda ka sani. Akwai "sharmut", nama da ake yankawa siri-siri kamar igiya a shanya ba yaji, a daka a zuba a miyar kuɓewa. Shinshina kafin ka saya, mai kyau ba ya warin mai.

Kifi daga Shari, Logon da Tafkin Cadi yake zuwa. Ɗanye da sassafe ake samunsa, giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, wajen Shaguwa da Dembe. Na guzuri shi ne banda mai hayaƙi da salanga busasshe. A naɗe maka shi daban cikin kwali, nesa da lafayar Hajiya.

Mai son ganin kasuwar dabbobi ta gaske ya nufi Masaget, kimanin kilomita 80 daga birni. Kada ka shiga cinikin dabba ba dillalin da wani ya tsaya masa.

Ina son abin hannu wanda zan ajiye a ɗaki.

Nemi filon fata da takalma na Abeshe, wuƙa mai kube, tabarma da faifai masu launi, ƙwarya mai zane, butar shayi da ƙananan kofunanta. Akwai cibiyar masu sana'ar hannu a cikin gari inda za ka same su wuri ɗaya, ko da yake farashin farko na Turawa ne.

In kana da rabin yini, je Gawi, ƙauyen Kotoko mai tazarar kilomita 10 ko makamancin haka. Matan garin maginan tukwane ne, suna kuma yi wa bangon gidaje zane da ƙasa mai launi, ga tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi. Randa ko kaskon turare da ka saya a hannun wadda ta gina shi ya fi daraja, kuɗin kuma ya shiga inda ya kamata. Amma in wani ya ja ka gefe ya ce yana da tsohon gunkin Sao, mutanen da suka zauna yankin a zamanin da, wanda aka tono, ko hauren giwa, ko fatar damisa, ka ce Allah ya ba da kasuwa ka wuce. Fitar da su laifi ne.

Yaya ake ciniki? Kamar na gida ne?

Kusan haka, da ɗan bambanci. A yadi, turare, takalma da kayan hannu akwai taya sosai. A hatsi, sukari, shayi da burodi farashin sananne ne, abin da za ka nema gyara ce. Na lura wasu manyan masu rumfa, musamman mutanen arewa, ba sa son dogon ja-in-ja. Zai faɗi kuɗi, ya rage sau ɗaya ko biyu, in ka ci gaba sai ya naɗe kayansa ya koma kan carbinsa. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne, iyakarsa ke nan.

Abu ɗaya nake roƙon 'yan'uwa. In ka taya aka sallama, ka saya. Tayawa don gwaji sannan a juya baya tana zubar da mutuncin mai yi, tana kuma shafar Bahaushen da zai zo bayanka. Kuma kada a matse tsohuwa mai kashin kuɓewa a kan sefa 25 alhali an biya mai kanti abin da ya rubuta ba musu.

Masu cewa "zo in kai ka inda ya fi araha" suna da la'adarsu a cikin abin da za ka biya. Wani lokaci suna da amfani, in kaya masu yawa kake nema. Ka dai san da hakan.

Wane lokaci ya fi?

Da safe, daga ƙarfe 8 zuwa 11. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, mai hawan jini ko tsoho kada ya yi gangancin yawon azahar. Ranar Juma'a rumfuna da yawa suna rufewa kafin salla, hanyoyin kewayen babban masallaci kuma su cushe. Lahadi kantunan babban titi da dama a rufe suke. Kafin magariba ana tattara kaya. A Agusta da Satumba ruwa yakan tare wasu unguwanni, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta 2024, sai a tambayi hanya kafin a fita.

Akwai abin tsoro?

Kasuwa ce ta babban birni, masu yankan aljihu ba a rasa su. Raba kuɗinka gida biyu, wayarka kada ta leƙo daga aljihun jallabiya, kuma kada ka riƙe ta a hannu kana bayan moto. Masu moton haya "kilando" ake ce musu. Ku gama magana kan kuɗi kafin ka hau, ka kuma tabbatar da riyal yake nufi ko sefa. Mai kaya da yawa ya ɗauki tasi shata.

Takardunka su kasance a jikinka kullum. In an tsayar da kai a ƙofar kasuwa don bincike, ka ba da haɗin kai. A ranar 11 ga Yuli 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a ƙofar Babbar Kasuwa, mutane suka rasu, kuma akwai waɗanda har yau ba su manta ƙarar ba. A watan Yuni na shekarar ne gwamnati ta hana rufe fuska gaba ɗaya, don haka 'yar'uwa mai sa niƙabi ta tambayi masu masaukinta yadda ake ciki kafin ta fita.

Hoto kuma a yi hattara. Kada ka ɗaga waya kusa da fadar shugaban ƙasa, barikin soja, filin jirgin Hassan Djamous ko gada. A kasuwa ma sai ka nemi izinin mutum.

Na ga ana sayar da magani da araha a bakin hanya.

Masu wannan sana'a "dokta shuku" ake kiransu a nan. Don Allah ka wuce. Ƙwayar da ta yini a rana mai digiri 40, ba ka san inda ta fito ba, ba abin kai wa mahaifiya tsaraba ba ce. Farmasi suna nan da yawa.

Yaya zan haye da kayana zuwa Kamaru?

Ta gadar Ngeli, sai dai wanda ya bi ta kudu, shi yana da sabuwar gadar Bongor da Yagwa da aka buɗe a 2025. Ɗan Kamaru yana shiga Cadi ba biza, ƙarƙashin yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, amma da katin ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara. Wanda ya zo daga wata ƙasa da fasfo ya je ya yi rajista wurin 'yan sandan shige da fice cikin kwana 3 da isowarsa, don ranar fita za a duba.

Tsarabar gida, lafaya biyu-uku, koron dabino kaɗan, ɗan turare, ba ta cika jawo magana ba. Kayan sayarwa kuwa a nuna wa duwan, a biya, a karɓi takarda, a adana ta har gida, domin tsakanin Kusiri da Marwa akwai shingaye, kowanne yana iya tambaya. Hatsi buhu-buhu ka bincika tukuna, a shekarun ƙarancin abinci hukuma takan hana fitar da shi. Kuma kada ka karɓi ƙullin wani a bakin gada don ya ce "taimaka ka haye mini da shi", ko da ya yi maka Hausa kamar ɗan unguwarku.

Ka haye da safe. Gada ba ta kwana a buɗe, kuma motocin Marwa da wuri suke tashi daga Kusiri, tafiyar kilomita 260 ce ko kusa da haka, a hanyar da ba a so dare ya riski mutum wajen Waza. Daren da za ka tafi ka ɗaure kayanka, ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kowane buhu, kifi a ƙasa, dabino a tsakiya, kwalaben humra kuma a naɗe su cikin zane a riƙe a cinya.